Yadda Ake Juya Maras Lafiya, A Zaunar Da Shi, A Tayar Da Shi, Ba Tare Da Kowa Ya Ji Ciwo Ba

Duk wanda ya taɓa zaman jinya a Kano ya san kaso mai yawa na aikin 'yan'uwa ne ke yin sa. Leƙa Murtala, ko Malam Aminu Kano, ko asibitin ƙashi na Dala da yamma, za ka ga masu jinya da tabarmi da butoci da kulolin abinci, kowa na jiran a kira shi. Ranar da aka sallami mutum kuwa, aikin duka ya koma gida, ya faɗa kan ɗa ko 'ya ko mata, wanda bai taɓa juya babban mutum a kan gado ba.

Na yi shekaru ina aikin nas a ɗakin maza, daga baya kuma na yi jinyar mahaifina a gida bayan ɓarin jikinsa na dama ya shanye. A wurin aikin na samo ciwon kwankwason da har yau nake lallaɓawa. Wani dare ne, wani bawan Allah ya zame zuwa ƙasan gado, na ga ba sai na taso kowa ba, na sa hannu a hammatarsa na ja. Sai na ji kamar an soka mini allura a baya. Sati uku a zaune nake salla. Shi kuma gari ya waye yana kukan kafaɗa. Ja ɗaya, mutum biyu suka ji ciwo.

Abin da zan koya maka bai wuce wannan ba: ba ɗaga mutum ake yi ba. Mirgina shi ake yi, a zame shi a kan zani, a bar shi ya yi iya abin da zai iya da kansa. Zan yi misali da dattijo mai shanyewar ɓarin dama, in kira shi Baba. In Hajiya ce ke kwance, ko ɓarin hagu ne ya taɓu, sai ka juya lissafin.

Kayan aiki

- Zanin ja. Wannan shi ne uban kayan. Zanin gado mai ƙwari, na auduga, a ninka biyu, ya kama daga kafaɗa zuwa tsakiyar cinya, ya yi rara ta kowane gefe. In babu, yadi biyu na atamfa mai kauri daga Kantin Kwari ya isa. Tsohon zanin da ya fara yagewa kada ka yarda da shi.
- Babbar leda mai tsabta. A asibitocin waje akwai shimfiɗa mai santsi da aka yi don zame maras lafiya. A nan babbar leda da aka ninka biyu tana yin kusan aikin. Amma da an gama ake zare ta, ba a barin mutum a kanta.
- Filo huɗu ko biyar. In sun yi kaɗan, naɗe tawul ko bargo.
- Ɗamara. Mayafi mai kauri ko zani da aka naɗe, a ɗaura a ƙugun Baba a saman riga, don ka sami wurin riƙo.
- Kujera mai hannu wadda ba ta rawa, ko keken guragu mai burki. Kujerar roba ta biki tana zamewa a kan tayil, ƙafarta kuma tana buɗewa. In ita ce kawai, haɗa biyu, ka jingina su da bango.
- Takalmi mai rufe dunduniya, na ka da na Baba. Silifas da safa a kan tayil su ne suka fi kai tsofaffi ƙasa. In babu takalmi, gara ƙafa haka nan a busasshen ƙasa.
- Mutum na biyu. Na sa shi a cikin kayan aiki da gangan. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Katifar iska mai hura kanta tana taimakawa wajen hana gyambon kwanciya, ana kuma samunta a shagunan kayan asibiti. Sai dai da wuta take aiki. In aka ɗauke wuta aka daɗe, takan sace, mutum ya koma kan tauri. Kuma ko da ita, ba a daina juyi.

Abin da ya kamata ka sani game da jiki

Ƙashin baya ba sanda ɗaya ba ce. Ƙananan ƙasusuwa ne 33 a jere: 7 a wuya, 12 a saitin haƙarƙari, 5 a kwankwaso, sauran 9 a can ƙasa, galibinsu a haɗe. Tsakanin masu motsin akwai ɗan matashi na guringuntsi, tsakiyarsa da laushi. Laka da jijiyoyin da ke zuwa ƙafafu ta nan bayansa suke bi. In ka sunkuya da kaya a hannu, ka kuma murɗa jiki, matashin yakan matse ya kumburo ta baya ya danne jijiya. Na ƙasan kwankwaso su suka fi shan wannan wahala, shi ya sa ciwon ke sauka ta ɗuwawu har ƙafa.

Ƙarfin mutum a cinya da ɗuwawu yake. Tsokar baya aikinta riƙe ka a miƙe. Masana lafiyar ma'aikata a Amurka sun ƙayyade cewa kada mai jinya ya ɗaga abin da ya wuce kusan kilo 16 na jikin maras lafiya da ƙarfinsa. Jarkar 'yan garuwa mai lita 25 in ta cika kilo 25 ce. Buhun siminti kilo 50 ne, Baba kuwa ko ya rame zai iya fin haka, ga shi ba shi da mariƙi, yana kuma iya zabura a tsakiyar aiki.

A jikin Baba, wuri biyu za ka kiyaye. Na farko kafaɗa. Gurbin da kan ƙashin damtse ke zaune a ciki ba shi da zurfi, tsoka ce ke riƙe da shi. In ɓari ya shanye tsokar ta saki, ja kaɗan ya isa ya gotar da kafaɗar, ciwon kuma ya daɗe yana hana gashi, wato motsa gaɓoɓin da ake yi masa a asibiti, tafiya. Don haka hannun da ya shanye ba mariƙi ba ne, hammata ma haka. Na biyu fata, a inda ƙashi ke kusa da ita: ƙeya, allon kafaɗa, gwiwar hannu, kwatangwalo, ƙashin da ke saman tsagar ɗuwawu, idon sawu, dunduniya. Nauyi in ya daɗe a wurin jini ya daina zuwa, naman ya fara mutuwa daga ciki. Jan mutum a kan zanin gado kuma yana kurje fatar, ya yaga ƙananan hanyoyin jinin da ke ƙasanta.

1. Duba kafin ka taɓa

Yi sallama, ka faɗa masa abin da za ka yi, ko da kana ganin ba ya ji. "Baba, sannu. Za mu juya ka gefen hagu, ka huta da bayan nan." Wanda aka afka wa ba sanarwa sandarewa yake yi, ko ya cafke ka.

Gwada abin da zai iya yau, don jiya daban yau daban. Ka ce ya matse hannunka, ya ɗaga ƙafar lafiyayyen ɓarin, ya lanƙwasa gwiwa. Duk abin da zai iya, bar masa. Tausayin da ke sa a yi wa mutum komai shi ke ƙarasa kashe masa jiki.

Sai robobi. In akwai robar fitsari, zubar da jakar tukuna, ka mai da ita gefen da zai fuskanta, kullum ƙasa da mafitsara, kada kuma robar ta ja. Robar abinci ta hanci da ta ƙarin ruwa, ka tabbata suna da sarari. Kawar da buta, fo, wayar caja da gefen kafet da ya tashi. Rufe ƙofa, ka yafa masa zani daga cibiya zuwa gwiwa. Dattijon da ke fargabar tsiraici da hannu ɗaya zai riƙe wando, ba zai taimake ka ba.

Gargaɗi babba: in likita ya ce akwai rauni a ƙashin baya ko wuya, ko an yi aikin kwatangwalo, kada ka bi abin da ke tafe sai likitan gashi ya nuna maka da hannunsa. Mai raunin laka mutum huɗu ke juya shi kamar gungume, ɗaya na riƙe da kai, shi ke ba da umarni. Wanda aka sauya wa kan kwatangwalo kuwa galibi ana hana shi harɗe ƙafa da zama a kujerar da gwiwa za ta fi ƙugu tudu.

2. Tsayuwarka

Ware ƙafafu daidai faɗin kafaɗa, ɗaya gaba ɗaya baya. Lanƙwasa gwiwa, ka bar bayanka a miƙe, kamar mai shirin zama a kujera. Matso har jikinka ya kusa taɓa nasa. Duk tazarar da ka bari, bayanka ne zai biya. Motsin daga ƙafar gaba zuwa ta baya yake, nauyin jikinka ke yin jan. In za ka juya, taka da ƙafa ka juya gaba ɗaya, kada ƙafa na kallon gabas ƙirji ya koma kudu. Kada ka riƙe numfashi.

Gadajen gidajenmu gajeru ne, masu faɗi. Maimakon ka miƙa ka sunkuya, ɗora gwiwa ɗaya a kan katifar. Mace ta ɗaure zani sama kaɗan ko ta sa wando a ciki, ta cire dogon hijabi ta sa ƙarami, ta cire zobe da awarwaro, don suna yankar fatar tsoho. Mai juna biyu a nemo mata wani aikin.

3. Juyawa zuwa gefe

Wannan za ka fi yi, don haka a nan zan daɗe. Wanda ba ya iya juya kansa, ana juya shi kusan duk bayan awa 2, dare da rana.

A ce za a juya Baba ya kwanta kan ɓarin hagu. Fara matsar da shi kaɗan zuwa gefen dama na gadon da zanin ja, don in ya mirgina ya tsaya a tsakiya. Sai ka koma ka tsaya a gefen hagu, inda zai fuskanta. Ana juyo mutum wajenka ne, ba a tura shi inda babu kowa.

Miƙar da hannunsa na hagu gefe don kada ya danne shi. Hannun dama da ya shanye, ɗauke shi ta ƙasan gwiwar hannu da tsintsiya, ka ɗora a ƙirjinsa. Lanƙwasa gwiwar dama, tafin ƙafar a kan katifa. Ka ce ya juyo da fuska wajenka. Yanzu tafin hannunka ɗaya a bayan allon kafaɗarsa, ɗaya a kwatangwalo, buɗe, ba damƙa ba. Ku ce Bismillah, ka ƙirga, ka koma kan ƙafarka ta baya. Za ka yi mamakin yadda zai biyo ka. Gwiwar da aka lanƙwasa ita ke yin rabin aikin. In ku biyu ne, na bayan ya kama zanin ja ya miƙo maka.

Lokacin da yake a gefen nan ne ake shimfiɗa zanin ja ko a sauya wanda ya jiƙe: naɗe rabinsa, tura naɗin har gindin bayansa, mirgina shi ya haye, warware ta ɗaya gefen. Miƙar da shi sosai. Ninki ɗaya ko ɓarɓashin biredi ya isa ya fara gyambo.

Kafin ka sa filo, dubi bayan. A baƙar fata ja ba ya fitowa sosai, kada ka jira ganin ja. Nemi wurin da ya fi kewayensa duhu ko ya yi shuɗi-shuɗi, ko yake sheƙi, ko ka taɓa ka ji ɗumi ko tauri. In ka gani, kada a sake kwantar da shi a kai har ya washe, kuma kada ka murza. Mutanenmu da sun ga wurin sai su hau tausa da man zafi. Ƙara kashe naman suke yi. In fata ta fashe, a nuna wa ma'aikacin lafiya, kada a barbaɗa hoda ko garin kafso.

Sai filo. Ɗaya a bayansa, ka bar shi ya jingina a kai, ya zama a karkace kaɗan, kamar digiri 30, ba kan tsinin kwatangwalo ba. Ɗaya tsakanin gwiwoyi har zuwa idon sawu. Ɗaya a gabansa, hannun da ya shanye ya hau kai. In kuma a kan ɓarin da ya shanye za a kwantar da shi, wanda ya halatta kuma yana da amfani, zura hannu ƙarƙashin allon kafaɗar ka matso da ita gaba a hankali, don kada nauyi ya zauna kan tsinin kafaɗa. In rigingine ne, sa filo ƙarƙashin ƙwauri, dunduniya ta rataya a iska.

Ni da lokutan salla nake ɗaure jadawalin, don su ne ba a mantawa a gida. Na kan daidaita juyin yadda wasu sallolin za su same shi a kan dama yana fuskantar alƙibla. Amma daga Asuba zuwa Azahar akwai nisa, haka daga Isha'i zuwa Asuba, sai ƙararrawar waya ta cike giɓin. A zafin Maris da Afrilu gumi na jiƙa fata ta yi saurin lalacewa, a riƙa gogewa ana sauya zani. Da hunturu kuma bushewa take, sai man kaɗanya ko basilin, shafawa a hankali.

4. In ya zame ƙasan gado

Wannan ne ya karya mini baya. Aikin mutum biyu ne, ba ciniki.

Kwantar da kan gadon, cire filon kai ka jingina shi da allon gado don kada Baba ya buga ƙeya. In yana da nauyi, mirgina shi ku sa ledar nan ƙarƙashin zanin ja. Ku tsaya ɗaya dama ɗaya hagu, kowa ya naɗe gefen zanin har kusa da jikinsa, hannu ɗaya saitin kafaɗa, ɗaya saitin kwatangwalo. Baba ya rungume hannunsa, ya sunkuyar da haɓa, ya kafa lafiyayyar ƙafar ya tura. Mutum ɗaya ke ƙirga, kuma ku daidaita tun farko: a kan "uku" za a tafi. Ku zame shi, kada ku ɗaga. In bai kai ba, ku sake. Sau biyu kaɗan-kaɗan ya fi fizga ɗaya. Zare ledar.

In ba kowa a gida sai kai, kuma yana iya turawa da ƙafa, riƙe masa ƙafar kada ta zame, ya tura kansa. In ba ya iyawa, gyara masa filo a inda yake, ka jira a shigo. Abin da ke hana zamewar tun farko shi ne kada a tada kan gado da yawa in ba abinci zai ci ba. In ya ci kuma, ya zauna aƙalla minti 30 kafin a kwantar, saboda sarƙewa.

5. Zaunar da shi a bakin gado

Kada ka kama hannuwansa ka finciko shi daga rigingine. Juya shi gefe kamar yadda aka yi a sama, kusa da bakin gado. Sauko da ƙafafunsa biyu su rataya. Hannunka ɗaya ƙarƙashin kafaɗar ƙasa, ta allon kafaɗa, ɗaya a kwatangwalon sama. Shi ya tura katifa da lafiyayyen hannu, kai ka danna kwatangwalon ƙasa kana tallafar kafaɗa. Nauyin ƙafafun zai tayar da shi.

Da ya zauna, tsaya a gabansa, kada ka saki. Wanda ya daɗe a kwance, in ya tashi jini kan taru a ƙafafu, jiri ya ɗebe shi, balle mai shan maganin hawan jini. Ba shi minti ɗaya ko biyu. Tambaye shi, "Baba, akwai jiri?" Dattawa ba sa son cewa e, don haka dubi fuskarsa: gumi, lumshe ido, magana ta ja. In ka ga haka, mai da shi kwance.

6. Daga gado zuwa kujera

Wannan hanya ta wanda zai iya tsayawa a kan ƙafa ɗaya aƙalla ce, yana kuma fahimtar magana. Wanda ba ya iya ko ɗaya, ba a tayar da shi tsaye. Zame shi ake yi a kan zani, ku biyu ko uku, zuwa kujerar da aka manna da gado, tsayinsu ɗaya.

Ajiye kujerar a lafiyayyen ɓarinsa, wato hagu a misalinmu, manne da gado, a ɗan karkace. In keke ne, danne burki biyu, ɗage matakan ƙafa. Burkin nan ka girgiza keken ka gani, don na tsofaffin kekuna suna nan ne kawai. In bai kama ba, wani ya tsaya a baya ya riƙe.

Ɗaura ɗamara, ta kama amma yatsunka su iya shiga. Matso da shi bakin gado, ɗuwawu ɗaya bayan ɗaya, har tafin ƙafafunsa biyu su zauna daram a ƙasa, sun ɗan koma baya ƙarƙashin gwiwa. Tsaya a gabansa, gwiwoyinka su tare gwiwarsa ta dama don kada ta lanƙwashe. Kama ɗamarar ta gefe da gefe. Hannun da ya shanye ya zauna tsakaninku, a jikinsa, ba ya lilo. Lafiyayyen hannun ya tura katifa.

Ga kuskuren da kowa ke yi: barin maras lafiya ya rataya a wuyanka. Baba zai so haka, shi ne abin da ya fi zuwa masa. In ƙafarsa ta saki, nauyinsa duka kan ƙasusuwan wuyanka bakwai zai sauka. Ka ce masa, "Baba, gadon za ka tura, ni ina riƙe da kai."

Ka ce ya sunkuyo gaba har kansa ya zo saitin yatsun ƙafarsa. Tsoro kan sa ya koma baya, mai komawa baya kuwa ba ya tasuwa. Ku yi lilo sau biyu, a na uku ku miƙe tare, kai da cinyarka. Ku tsaya ya daidaita. Sai ƙananan taku zuwa hagunsa, har ya ji kujera a bayan ƙafafunsa. Ya kai hannu ya kama hannun kujerar, ya sunkuyo, ka lanƙwasa gwiwa ku sauka tare. Gyara shi ya shige ciki sosai, filo a cinya, hannun dama a kai.

Zama ma yana kawo gyambo. Kada a manta da shi a kujera daga hantsi har La'asar saboda 'yan dubiya suna ta shigowa.

7. In katifar a ƙasa take

Gidaje da yawa haka ne. Amfaninta ba ya faɗowa. Wahalarta tashi. Juyi da sauya zani, yi su a durƙushe, gwiwa ɗaya a ƙasa ɗaya a tsaye, kusa da shi. Kada ka tsaya ka sunkuya kamar mai shara. Amma in Baba zai riƙa tashi zuwa kujera ko bayi, shawarata a kai katifar kan gado. Kafinta zai iya haɗa mai sauƙi, ko a aro. Tsayin da ya dace shi ne in ya zauna tafin ƙafarsa ya taka ƙasa, ƙugunsa ya ɗan fi gwiwa tudu.

8. Faɗuwa

In kuna tsaye ya tafi, kada ka yi kokawar tare shi, ba za ka iya ba. Jawo shi jikinka ta ɗamara, ja ƙafa ɗaya baya, ka bar shi ya sulale a kan cinyarka zuwa ƙasa, kana kare kansa.

In tarar da shi ka yi a ƙasa, kada ka yi gaggawar ɗagawa. Ƙasa ba inda za ta kai shi. Yana magana? Ya bugi kai? Wuya ko baya na ciwo? Dubi ƙafafu: in ɗaya ta gajarce, tafinta ya kwanta waje, yana kukan matsematsi, ɗauka karayar kwatangwalo ce. Kada a tayar, kada a ja ƙafar, kada a fara kiran maɗori. Hoto ake fara yi. Rufe shi, ka nemi mota ko ka kira 112.

In lafiya lau ne kuma yana da ɗan ƙarfi, ya juya gefe, ya koma rarrafe, ka kawo kujera gabansa ya dafa, ya kafa lafiyayyar ƙafa, ka sa wata kujera a bayansa ya zauna. In ba shi da ƙarfin haka, mirgina shi kan bargo mai ƙwari, mutum huɗu ko fiye su naɗe gefe su ɗauka a durƙushe, ɗaya na lura da kai. Maƙwabta ba sa ƙin irin wannan kira.

9. Ranar komawa asibiti

Dokin ƙofa, matakalar zaure, kwata a lungu: da baya ake saukar da keke, manyan tayoyi su fara sauka, Baba na jingine. In hawa ne, taka sandar baya ƙananan tayoyin su tashi. A lungun da keke ba ya shiga, a zaunar da shi a kujera mai ƙwari, a ɗaure da zani ta ƙugu, mutum biyu ko uku su ɗauka. Goyo a baya kada ya zama zaɓi ga mai shanyewar ɓari, don da hannu ake riƙe shi.

A mota, kujerar gaba a tura ta baya, ya juya baya ya zauna tukuna, sannan a shigar da ƙafafu ɗaya bayan ɗaya. Fitowa kuma ƙafafu ke fara fita. Adaidaita sahu ma haka, sai dai a ɗauki shata, Baba a tsakiya, mutum a kowane gefe, hannun dama a kan filo, a roƙi direba ya lallaɓa a ramuka. Wanda ake zargin karayar baya, wuya ko kwatangwalo ba ya shiga adaidaita ko kaɗan. A kwance yake tafiya, a kan abu mai tauri, ko da ƙyauren ƙofa ne, a bas da aka kwantar wa kujeru in ba motar asibiti.

In kun je, kada ka tsaya a waje lokacin gashi. Shiga, ka ce wa likitan gashin ya kalli yadda kake tayar da Baba ya gyara maka. Ka kuma faɗa masa naka bayan in ya fara magana. Ciwon kwankwaso na kwana biyu yakan wuce da rage aiki da ɗan tattaki. Wanda ke sauka ƙafa da mutuwar yatsu yana son a duba shi. In kuwa ƙafa ta yi rauni, ko ka daina jin tsakanin cinyoyinka, ko fitsari ya ƙi fita ko ya fara zuba ba ka sani ba, a ranar za ka je asibiti, ka miƙa jinyar ga wani. Shi ya sa tun makon farko nake cewa a liƙa takarda a bango, a rubuta lokacin juyi, gefen da aka juya, da sunan mai juyin dare, a kuma koya wa mutum uku a gidan yadda ake kama zanin ja.